Wace Ce Lantarki?

A shekarar da fetur ya yi wahala, har motocin Kano suka riƙa yini a tasha ba tafiya, Hindatu ta fara ganin Hadi. Ta kai markaɗen gyaɗa injin niƙa na Ajingi inda yake aiki, ta same shi ya tasa tsofaffin batiran mota a gaba yana yi musu magana kamar masu ji.

"Malam, in ka gama hira da su, ga markaɗe."

Ya ɗago kai ya karɓi markaɗen. Da ya ji man gyaɗa take sayarwa sai ya raɗa mata suna Mai-mai, sunan kuwa ya bi ta. Ita ma ba ta tsaya yi wa zuciyarta gardama ba, ta so shi.

Bappa, mahaifinta, shi ne bai gamsu ba.

"Yaron kirki ne, amma mai wasa da wayoyi ba ya riƙe gida. Ga Ja'afaru direba, ga mota, ga sana'a. Ba zan tilasta ki ba, sai dai kafin a kwashe gyaɗa daga gona ina son in san inda kika tsaya."

Ana cikin haka Hadi ya tafi wajen iyayensa a Gaya, ya yi mako uku shiru. Ja'afaru ya samu fili, ya zo zance yana karkaɗa makulli.

"Ni tausayinki nake ji. Da kunnena na ji shi a tashar Gaya yana cewa ya rabu da mai har abada, ya koma wa lantarki. Wai ta fi araha, kuma ba ta da hayaniya."

Ja'afaru bai yi ƙarya ba, gaskiyar ce dai bai ƙarasa ba. Hindatu kuwa, da ba ta san wata fitila ba sai ta kananzir, ta ɗauka Lantarki wata 'yar birni ce, irin su Lantana. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta rubuta wasiƙa ta ba Gwaggo Gaji da za ta Gaya.

"Hadi, bayan gaisuwa. Na ji ka bar mai ka koma wa Lantarki. Allah ya sa alheri. Amma ka sani araha ba ta ado. Kuma ni ban taɓa yi maka hayaniya ba. Hindatu."

Amsa ta dawo a ɗaure cikin bakin zanen Gwaggo.

"Mai-maina, na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma na tsorata. Ran Laraba zan kawo ta ƙofar gidanku. In ta fi ki kyau, ki kore ni. Naki, Hadi."

Ran Laraba Hindatu ta ci ado na kece raini, ta tsaya a zaure tana jiran ganin 'yar birni. Sai ga Hadi a kan wata amalanke mai ƙafa uku, batira jere a bayansa, tana tafiya ba jaki, ba hayaƙi, ko kajin ƙofar gida ba su tashi ba.

"Ga ta nan. Gaishe ta."

Hindatu ta rufe fuska da mayafi, kunya da daɗi suka haɗe mata.

Bappa ya zagaya amalanken sau biyu.

"Me take ci?"

"Wuta, Bappa. Ba ta murhu ba, ta batir. Injin niƙa ke cika su yana cikin aikinsa."

"To ai shi ma injin mai yake sha."

"Yana sha. Amma ɗan abin da yake ƙarawa saboda ita bai kai abin da mota ke sha kafin ta bar tasha ba. Ba ta gudu, ba ta zuwa Kano. Gona da gida dai, ba za ta ba ka kunya ba."

Bappa ya so wannan amsa, don ba cika baki a cikinta. Ga gyaɗarsa kuma jibge a gona, motar Ja'afaru da aka yi alkawari da ita ta kwana takwas ba ɗigon fetur. Kwana biyu Hadi ya yi yana jigila, a hankali, har buhu na ƙarshe ya shiga gida.

"Hindatu, ina kika tsaya?"

"Inda nake tun farko, Bappa."

"To ni ne na matso."

Aka ɗaura aure bayan Sallah. Ranar kai amarya mata suka ce a nemo mota, Hindatu ta ce daga cikin lulluɓi ita Lantarki za ta hau. Inuwa abokin ango ya ja, Gwaggo Gaji ta zauna gefenta tana riƙe da ƙarfe gam.

Da yake abin ba ya ƙara, har suka sha kwanar masallaci Hindatu tana jin Bappa a ƙofar gida yana cewa, "Allah ya zaunar da ku lafiya. Allah ya yi miki albarka, 'yata."