Yaron da Ke Kiran Mutuwa

Habi tana tsugune a bakin murhu tana fifita gawayi, ɗanta Amiru yana zaune a gindin bango yana wasa da murfin kwano. Gidan ya yi tsit. Shekarar da ake rushe unguwar Zango ta Wagadugu ce saboda aikin sabunta gari da ake kira ZAKA, rabin maƙwabta sun kwashe sun bar ɗakuna ba rufi ba ƙofa, iska tana shiga tana fita yadda ta ga dama.

Hajiya Indabo, uwar mijinta, ta fito daga ɗaki da buta a hannu. Amiru ya ɗago kai a hankali, ya miƙa ɗan siririn hannunsa ya nuna ta.

"Kuum," ya ce, ta hanci.

Butar ta suɓuce, ruwa ya malale a ƙasa. Hajiya ta ja da baya har ta bugi ƙyaure.

"Innalillahi! Ni ya nuna. Habi, kin ji da kunnenki, yau ni ya nuna."

Amiru ya haura shekara biyu da rabi, amma bai taɓa cewa Inna ba, bai taɓa cewa Baba ba. Kalma ɗaya ce tak a bakinsa. Habi daga Tawa aka kawo ta, ba ta jin yaren Moshi ko na sayen gishiri. Hajiya kuwa ta tsufa tana sayar da atamfa a Wagadugu, tana taƙama da ɗan yaren da ta tsinta a kasuwa, kuma ita ta fassara wa gida cewa a yaren Moshi kuum mutuwa ce.

Da farko an yi dariya. Sai ran nan yaron ya nuna Malam Na'Allah, tsohon da ke sayar da goro a zaure, yana tsaka da alwala. Malam bai ga Juma'a ba. Bayan haka ya nuna akuyar maƙwabta tana shan ruwa a kwatanniya, washegari aka tarar da ita a sanƙare. Babu wanda ya tuna Malam ya daɗe yana tari, babu wanda ya tuna akuyar Zango leda ce abincinta. Tun daga nan mata suka daina shigowa ɗiban wuta. Hajiyar da ke kiran jikanta "angona" tana masa tsiyar bai biya kuɗin cefane ba, ta koma kewaye shi kamar rijiya. Ita kanta Habi, Allah ya sani tana son ɗanta, amma in ya buɗe baki sai ta ji hannunta ya kai ta toshe masa.

Da la'asar Rashidu, mijin Habi, ya dawo daga Yamai da ƙurar hanya a gashin ido. Direban babbar mota ne, kwanansa a hanya ya fi na gida. Ko ruwa bai sha ba Hajiya ta kira shi.

"Auta, zauna. Yarinyar nan za ka mayar Tawa, ita da abin da ta haifa."

"Hajiya, me ta yi?"

"Ban ce ta yi komai ba. Amma mu a zuri'armu ba a taɓa haifar mai kiran mutuwa ba, ta wajensu ya biyo. Yau ni ya nuna. In ka fi son ka dawo ka tarar da gawata, to."

"Ni fa ban taɓa ji da kunnena ba, Hajiya. Kullum labari ake ba ni."

"Ƙarya nake yi ke nan?"

Rashidu ya sunkuyar da kai. Bai taɓa musu da mahaifiyarsa ba, kuma bai taɓa son wata mace ba bayan Habi, tun ranar da motarsa ta lalace a ƙofar gidansu ta miƙo masa fura ba ta dube shi ba. Ya ce a ba shi zuwa jibi.

A ɗaki ya tarar da Habi tana ninke zannuwa tana sa wa a jaka, hawaye yana ɗiga a kansu.

"Ina zuwa?"

"Na ji komai, Maigida. Ba zan shiga tsakaninka da Hajiya ba. Ni ma tsoro nake ji. Ɗana ne, amma in ya kalle ni sai gabana ya faɗi, ina jiran ranar da zai nuna ni."

Rashidu ya karɓe jakar ya tura ƙarƙashin gado. Ya ɗauki Amiru, sai ya ji shi sakayau kamar ba mutum ya ɗauka ba. Gashin yaron ya yi ja, ciki ya fito, wuya ya zama tsinke. Kunya ta kama shi, don ya daɗe bai ɗauki ɗansa da rana ya dube shi da kyau ba.

"To," ya ce. "An kai shi wajen malamai, an yi masa hayaƙi. Gobe sai likita. In za ki tafi Tawa, da ni za ki tafi."

Ɗakin awon yara na unguwa yana can ƙarshen layin da aka riga aka rushe. Suka ratsa kufai da safe, Habi da goyo, ba kowa sai ƙadangaru a kan tubalan da suka zube. Matan da ke jiran awo suka gan su, benci ya yi fili nan take.

Ma'aikaciyar, Madam Mamunatu, 'yar Moshi ce, ta daɗe a cikin Hausawa har Hausa ta zauna mata. Ta rataye Amiru a sikeli, ta auna damtsensa da ɗan zare mai launi, ta ɓata fuska.

"Me yake ci?"

"Koko," in ji Habi. "Da ɗan tuwo."

"Ƙwai fa? Wake? Kifi?"

"Hajiya ta ce yaro in ya ci ƙwai sata zai yi."

Madam ta sauke yaron ƙasa. Ta sa shi ya taka zuwa wajen ubansa, ya taka. Ta ba shi 'yan gwangwanaye, ya ɗora ɗaya kan ɗaya tsaf. Sannan ta zagaya bayansa ta kira sunansa. Bai waiwaya ba. Ta tafa hannu a hankali, shiru. Sai da ta buga faranti da ƙarfi ya juyo. Ta haska kunnuwansa da tocila, ta daɗe tana dubawa.

"Kalma nawa yake faɗa?"

Habi ta dubi ƙasa. 

Zafi ya fara, Madam ta ɗauki moɗa ta ɗebi ruwa a randar da ke lungu. Amiru ya ɗago kai a hankali, ya miƙa hannu ya nuna ta.

"Kuum."

Habi ta miƙe zumbur. Ta yunƙura za ta toshe masa baki, ta ba matar nan haƙuri. Madam kuwa ko a jikinta. Ta durƙusa ta kafa masa moɗar a baki, ya riƙe da hannu biyu ya shanye tas, yana haki.

"Madam," in ji Habi, "ba ki ji abin da ya ce miki ba?"

"Na ji. Ruwa ya ce."

Rashidu, wanda a Wagadugu aka haife shi kuma yana jin yaren Moshi, ya dafe kai. "Koom," ya faɗa a hankali. "Koom yake cewa, Habi. Ruwa. Hancinsa ne a toshe."

Madam ta yi musu bayani. Kunnuwan yaron sun daɗe da ciwo, mugunya ta cushe su, ba ya jin magana sai an ɗaga murya sosai. Ta tambaya ko akwai mai ihu da yaren Moshi kusa da gidansu. Habi ta tuna mai tura baron ruwa, wani ƙato mai murya kamar ganga, da ke tsayawa a ƙofarsu kullum yana kwarara kira, kafin rusau ya toshe lungun. A duk duniya muryarsa kaɗai ta isa kunnen Amiru, kalmarsa kaɗai ya samu ya riƙe.

"Ɗanku ba wawa ba ne, ba kuma aljani ba," in ji Madam. "Yunwa ce da ciwon kunne. Za a wanke, a ba shi magani, ku kawo shi awo duk wata. A sa masa ƙuli-ƙuli da garin kifi a koko, a ba shi wake da zogale da ƙwai. Kuma ku yi masa magana, kusa da fuskarsa, yana ganin bakinku. Yaron da ba a yi wa magana da me zai yi magana?"

Habi ta rungume ɗanta ta fashe da kuka. Malam da butarsa, akuya da kwatanniya, Hajiya da tata butar, duk suka dawo mata.

Suka tarar da Hajiya a tsakar gida tana jan carbi, ta rame a kwana ɗaya. Rashidu ya durƙusa ya faɗa mata komai. Ta ce ita ba yarinya ba ce da za a yi wa wayo. Bai yi musu ba. Ya ɗebo ruwa a moɗa ya sa mata a hannu, ya ajiye Amiru a gabanta.

Yaron ya ɗago kai, ya miƙa hannu. "Kuum."

Hajiya ta dubi moɗar, ta dubi yaron. Ta daɗe a haka kafin ta miƙa. Amiru ya matso ya dafa gwiwarta ya sha, ya ɗago ya yi mata murmushi da jiƙaƙƙen baki.

"Wayyo ni Indabo," ta ce, hawaye ya ɓalle mata. "Ashe duk watannin nan ruwa yake roƙo, mu kuma muna gudu." Ta juya wajen Habi. "'Yata, ki yafe mini. Guntun yare na tsinta, na kusa kashe miki aure da shi."

"Ba komai, Hajiya. Ni ma na toshe masa baki."

Haka abin yake. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma kunnen da tsoro ya riga shiga ba ya jin daidai. Wanda ya yi haƙuri ya bincika kafin ya yanke hukunci, shi ke tsira da iyalinsa.

Kafin rusau ya iso layinsu, Amiru ya yi kumatu, kuma Hajiya da kanta take dafa masa ƙwai. Ranar da suke ɗaure kaya za su tashi, ya ja gefen zanenta ya ce, "Kaka, luwa."

Hajiya ta ajiye ƙullin da ke hannunta ta nufi randa da sauri. "Ina zuwa, angona," ta ce. "Ba za ka sake tambaya sau biyu ba."