Takardar Yaya a Ɗakin Sulhu

"Sulhu? Da wa? Da mutumin da ko takalmi ba ya saye sai Yayarsa ta ce ya yi kyau?" Nas ta dangwarar da dutsen guga tana huci.

"Ki je dai, 'yar nan," in ji Ummanta. "Ki danne zuciyarki, ki ji ta bakinsa."

Sati uku ke nan Nas tana gidan iyayenta, tun da Yayar mijinta ta zuga shi ya kai ƙara kotu a raba auren, wai aikin asibiti ya sa matar ta raina dangi. Alƙali ya ce sai sun fara zama da mai sulhu. Abin haushin ma, har yanzu tana son sakaran!

A kotu Yaya ta iso tana taku ɗai-ɗai kamar ita ce alƙalin. Mai sulhu, wata dattijuwa mai tabarau, ta tare ƙofa.

"Miji da mata kawai, Hajiya. Ga benci nan."

Ciki tebur ɗaya ne da kujeru uku. Dattijuwar ta dubi mijin. "Me ta yi maka?"

Gogan naka sai ya zaro takarda daga aljihu, ya duƙufa karatu.

"Na ɗaya, ba ta gaishe da manya. Na biyu, kullum tana duty. A nan ka ɗaga murya, kuma kar ka kalli fuskarta, don na san halinka—"

Ya tsaya cak.

Nas ta ja dogon tsaki. "Ci gaba mana, ɗan makaranta! Yaya ba ta rubuta maka inda za ka yi tari ba?"

Mai sulhu ta karɓe takardar ta kife. "Mun ji ta wadda ke waje. Kai fa?"

Ya ɗago ido, sai hawaye shar. Ƙato da shi!

"Wallahi ba ta yi min komai ba. Sorry, don Allah..."

Ƙiris ya rage Nas ta suri jakarta ta fice. Ta cije, ita ma idonta ya kawo ruwa.

Nas ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Fita ka gaya wa Yayarka da bakinka."

Ya buɗe ƙofa. "Yaya, na janye ƙarar. Da matata zan koma gida."

Yaya ta saki baki galala.

Haƙurin Nas ya dawo mata da mijinta. Ku kuma maza, ku girmama 'yan uwanku, amma kar ku ba su aron bakinku a kan matanku.