Muryar da Ke Cikin Kaset

Fanka ce ta haɗa su. Tamu ta ɗaki ta daina juyawa, na ce wa Auta, 'yata ta ƙarshe, ta biya da ita wurin mai gyara idan za ta shagonsu na buga takardu. Abin da ya faru a can daga bakinta na ji daga baya, lokacin da ɓoyo ya ƙare.

Shagon ƙarami ne, rediyoyi da dutsen guga jibge har rufi, ƙaurin dalma ya cika shi. Saurayin yana sunkuye yana aiki, kiɗa na tashi daga wata tsohuwar rikoda a gefensa. Jita ce ke kuka tana jan sauti kamar ana miƙa roba, ganguna na bin ta a hankali, wata siririyar murya tana yawo a sama.

Auta ba ta taɓa jin kiɗan ba, amma hoton da ke manne a bango ta san shi. Samari biyar ne, gashi buya-buya, wanduna masu faɗin ƙafa, an rubuta sunan ƙungiyar kiɗansu, Kawalwalniya, a samansu da haruffa kamar suna narkewa. Tana 'yar shekara tara ta tono irinsa a ƙasan akwatina. Ranar ce kaɗai na taɓa marinta. Na biyu daga hagu, mai riƙe da jita, ubanta ne.

Da saurayin ya ga ta kafe hoton da ido, sai ya manta da fanka. Ya ce faifai ɗaya tak suka taɓa yi, gidajen rediyo suka ƙi sakawa wai waƙa ɗaya minti goma sha biyu, jama'a suka ce kiɗan masu taɓin hankali ne. Ya ce shi a wurinsa ba a yi kamarsu ba. Ya ce duk duniya masu jin su ba su wuce arba'in ba, suna da zaurensu a waya. Sannan ya rage murya ya ce motarsu ta faɗa daga kan gada, duka biyar ɗin suka mutu.

Auta ta ce Allah ya jiƙansu. Ta ajiye fanka ta fito.

Huɗu ne suka mutu. Na biyar ɗin, wanda yake tuƙi, shi na aura. Mai waƙar ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Ƙarami suke ce masa. Jarida ta lissafa maigidana cikin matattu, bai taɓa gyara musu ba. Shekara guda ya yi a asibiti bai ce uffan ba. Bayan aurenmu abin ya dawo sau ɗaya, ranar da wani ya kira shi a titi da sunansa na kiɗa. Kwana arba'in ya yi fuskarsa na kallon bango, da cokali nake ba shi abinci. Likita ya ce mini idan ya sake tafiya, ba lallai ya dawo ba. Muka tashi daga garin, ya buɗe shagon fenti. Ko rediyo ba ma kunnawa sai labarai.

Fankar da ake gyarawa cikin awa ɗaya sai da ta yi kwana goma sha ɗaya. Saƙonninsu suna nan a wayar Auta, ita ta karanta mini.

"Gefe na Biyu, an samu kayan fankarku tun shekaranjiya. Ɓoyewa na yi don ki dawo. Ki yafe mini."

"Injiniyan ƙarya. Umma na can tana fifita da kwali saboda kai. Wai me ya sa kake ce mini Gefe na Biyu?"

"Duk mai jin kaset ya sani. Sai an juya ake samun waƙar da za a tsufa da ita."

Wata shida suna haka. Kullum ya saka mata kiɗan, kullum ta saurari jitar ubanta. Ta ce sau uku ta buɗe baki za ta faɗa masa, sai ta tuna cokalin da na ba ta labari. Ni kuma ta ce mini mai gyaran lantarki ne kawai, mai hankali.

Ni dai Mai Kyamis na bakin layinmu na so mata. Mutum ne da ko tafi ba ya yi, kiɗa kuwa ciwon kai yake sa shi. Auta ta ce zama da shi kamar zaman jiran likita ne. Ubanta ya yi dariya, ya ce a bar Injiniyan ya zo a gan shi.

Ya zo wata Asabar da hantsi, rigarsa ta sha guga. Auta ta gargaɗe shi kada ya yi zancen kiɗa, ta ce Abba ba ya so. Ya gaishe mu a ladabce, na miƙa masa ruwa.

Maigidana yana da wata ɗabi'a. Kafin ya yi magana sai ya gyara murya sau biyu, na biyun ya fi tsawo. Ya yi hakan, ya miƙa hannun hagu ya ɗauki kofinsa.

Kofin yaron ya suɓuce ya fashe a ƙasa. Ashe a farkon gefe na biyu na kaset ɗin, kafin kiɗa ya tashi, akwai wannan gyaran muryar, yaron ya ji shi sau dubu. Ya kalli hannun, ya kalli fuskar.

"Baba," ya ce, "kai ne Bahago mai jita."

Maigidana ya ajiye kofi a hankali. Ya tashi ya shiga ɗaki ya tura ƙofa.

Ban san sadda na miƙe ba. Na ce wa yaron ya fita, kada ya sake tako ƙofar gidana. Na ce idan mijina bai tashi ba, shi da Allah.

Kwana ɗaya, kwana biyu, fuska a bango. Na ɗauko cokali. Auta ta daina zuwa aiki, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin tana sauraron numfashinsa. Mai Kyamis ya leƙo da magani, ya ce masu irin wannan haukan kiɗan ba sa riƙe sirri, kafin mako ya zagayo za mu ga baƙi da kyamara, har da dangin waɗanda suka mutu. Ya kuma ce wa ya sani ko tun farko uban Auta yaron yake nema, ba ita ba. Daga ranar duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai na leƙa ta taga kafin in buɗe.

Maganar ta shiga Auta. Ta rubuta masa: "Ka faɗa mini gaskiya. Ni ka gani ko shi?"

Ya amsa: "Da na sani, da kofin bai faɗi ba. Na fita daga zauren, na cire hoton daga bango. Babu wanda zai ji daga bakina har in mutu. Ko ba za a ba ni ke ba, ki riƙa gaya mini ko ya ci abinci."

Ta ƙi amsawa. Amma kowace safiya saƙonsa na shigowa, tambaya ɗaya: "Ya ci?"

Rana ta tara ina goge masa baki sai na ji ya gyara murya sau biyu. Hannuna ya tsaya.

"Yaron nan yana da kaset ɗin?"

Na ce yana da shi, amma don girman Allah ya bar zancen. Na tuna masa abin da likita ya ce. Na riƙe ƙafarsa ina kuka.

"Shekara talatin da huɗu ban ji muryar Ƙarami ba," ya ce. "Kwana tara ina nemanta a kaina, ban same ta ba. Ki aika a kira shi."

Washegari da safe Injiniya ya zo rungume da rikodarsa. Ya rame, idonsa ya faɗa. A tsakar gida ya ce wa Auta shi fa tsoro yake ji. Ta ce ita ma haka, ta karɓi igiyar wutar daga hannunsa saboda ya kasa saka ta a soket. Na zauna kusa da mijina, lambar likita a buɗe a wayata, yatsana a kai.

Ya danna. Kaset ya fara juyawa, jita ta tashi, muryar ta biyo baya. Ni ban kalli komai ba sai fuskar maigidana. Ba ta motsa ba.

"Tsaya," in ji maigidana.

Na ce a raina shi ke nan, ciwon ya dawo, ya tafi. Auta ta toshe bakinta da mayafi.

Sai maigidana ya ce, "Wannan ba muryarsa ba ce. Ta yi siriri. Gudu take yi."

Yaron ya ce haka ne mai yiwuwa, domin kaset ɗin kwafi ne na kwafin wani kwafi, kuma duk su arba'in ɗin daga shi suka kwasa. Ya zaro ƙaramin sukundireba daga aljihu, ya kwance bayan rikodar. Ya ce akwai wata 'yar ƙusa a jikin injin da ke juya kaset, ita ke rage gudu. Ya sake kunnawa, ya shiga murɗa ta kaɗan-kaɗan, zufa na ɗiga daga haɓarsa.

"Ƙara," in ji maigidana. "Ƙara kaɗan. Kaɗan dai. Nan."

Muryar ta sauko ta yi kauri, ta zama ta namiji mai shekara ashirin da biyu. Maigidana ya ce, "Ga shi nan." Sai ya fashe da kuka, kuka mai sauti, irin wanda ban taɓa ji daga gare shi ba duk zamanmu. Shirunsa nake tsoro. Da na ji kukan sai na ajiye waya.

Aka bar kaset ya ci har ƙarshe. Da ya goge fuska ya ce Ƙarami yana da ciwon asma, numfashi kan yanke masa a tsakiyar waƙa. Injiniya ya ce ya san wurin, a waƙa ta uku, inda murya ke ɗaukewa jita ta riƙe mata sautin har ta dawo. Ya ce wurin ne ya sa yake son su, don bai taɓa jin kiɗa yana jiran mutum ba sai a nan.

Maigidana ya dube shi.

"Wato ku arba'in ɗin nan, shekara da shekaru kuna yabon abin da ba ku taɓa ji daidai ba."

"Haka ne, Baba."

"To ka koma ka ce musu su rage gudun. Kada ka ce wa ya faɗa."

Ya juya wajen Auta ya tambaye ta ko har yanzu tana son mai fasa wa mutane kofi. Ta sunkuyar da kai tana dariya da hawaye tare. Ya ce yaron da aka ce masa ƙara ya ƙara, aka ce tsaya ya tsaya, zai iya riƙe mace. Ya ce ya turo manyansa. Sannan ya dube ni ya ce yunwa yake ji, kuma a kawo masa a faranti, da hannunsa zai ci.

Ni na raka Injiniya bakin ƙofa. Na ce ya yafe mini abin da na faɗa masa. Ya ce, "Umma, ni ne mai laifi, bakina ya riga hankalina." Auta ta ce daga bayana ai dama ba yau ya fara ba.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Ubanta da bakinsa ya ba da ita. Da za a tafi da ita ya dafa kanta, ya ce su riƙa jiran juna idan numfashin ɗaya ya yanke.

Shekara ɗaya da wata biyu ya ƙara a duniya. Kowace Asabar su biyun sukan zo, a kunna kaset, shi da surukinsa su yi ta musu kan ganguna. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, da hankalinsa, yana magana da mu har ƙarshe. Ya riƙe 'yar Auta ta fari kafin ya tafi.

Allah ya jiƙansa, ya sada shi da Ƙarami. Auta da Injiniyanta kuma Allah ya bar su tare, ya ba su zaman lafiya, ya raya musu abin da suka haifa.