Gangaren Boali

Ana gab da kiran sallar magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Hajiya Kyauta. Tana tsugune tana alwala, 'yarta Nafisa na kwashe shanya, hayaniyar kasuwar Kilomita Biyar ta lafa, sai kukan baburan haya jefi-jefi. Hajiya ta ce yaran unguwar Yakite ne, ta ci gaba da wanke ƙafa. Na biyu ya faɗo, na uku ya bi shi. Da Nafisa ta tsinci ɗaya, sai ta ga jan marmara ne irin na bakin hanyar daji, da ɗumi a jikinsa kamar an daɗe ana riƙe da shi.

A tsakar gidan wata tsohuwar ƙaramar Fijo ke tsaye, duk tsatsa, busasshen ganye cike da kujerunta. Motar Alhaji Idi ce, maigidan. Shekarar da mutanen unguwa suka yi gudun hijira, ya sa iyalinsa a babbar mota zuwa Kamaru, ya ce zai biyo su a tasa. Bai iso ba, kuma ba a sami wanda ya ga gawarsa ba. Hajiya da Nafisa sun dawo Bangi da ƙura ta lafa. Ɗanta Zayyad kuwa ya zarce Duwala, bai dawo ba sai bana, ga shi ba ya iya zama wuri guda, ko shayi a tsaye yake sha. Shi ya ji labarin motar a bakin direbobi, wai tana ƙarƙashin wani mangwaro gaba da garin Boali. Ya nemi Lado mai kamiyo, wato babbar motar kaya, suka je.

Lado ya so a ɗora ta a bayan kamiyon. "Birkina na motata ne, ɗan Alhaji," in ji shi. "Wadda ake ja da sarƙa sai ta tsaya da ƙafarta, in ba haka ba a gangare ta shige ƙarƙashina." Amma kamiyon cike yake da buhunan rogo, Zayyad kuma ba mai jiran gobe ba ne. Suka sa tayoyin aro, suka ɗaura sarƙa, Zayyad ya shiga Fijon ya kama sitiyari. A gangare Lado ya rage gudu, Zayyad ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu komai, man birkin ya bushe tun shekaru. Ya ga bayan kamiyon na zuwa kansa, ya yi kalmar shahada. Sai motar ta ja da baya ita kaɗai, sarƙa ta miƙe, kuma haka ta riƙe kanta har suka sauka. A gida ya ba da labarin yana dariya. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta shafa ƙofar direba, ta daɗe hannunta a kai, tun daga ranar kuma a inuwar motar take shimfiɗa dardumarta.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta yi ja sai ya fara, ana kiran isha ya ɗauke. Daga baya aka soma jin murya daga kujerar baya, muryar mace tana kiran wani suna a hankali, irin kiran da uwa ke yi wa yaron da ya ɓuya. Nafisa ta daina cin abinci. Wata yamma aka same ta kwance a ƙasa tana leƙa ƙarƙashin motar, tana tona ƙasa da farce har jini. Zayyad ya ɗago ta, ta dube shi da idon da bai sani ba.

"Kai ne ka ɗaura sarƙar," ta ce.

Nafisa 'yar Bangi ce, yaren Sango ya fi mata sauƙi a baki. Wannan muryar kuwa Hausa take yi mai nauyi, irin ta tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya.

Bayan la'asar washegari Malam Abdulsamad ya zo daga unguwar Kokoro. Ya zauna a tabarma, ya sa aka rufe yarinyar da mayafi, ya yi ta karatu ba gaggawa har inuwa ta cinye tsakar gida. Jikin Nafisa ya sandare, sannan ya saki.

"Baiwar Allah, me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba, Malam. Bakinta na ara, don kuka na yi ta yi ba mai ji."

"To muna ji."

"Kango muka samu a gindin mangwaro, ni da ɗana, muka zauna. Ko bunu ba mu taɓa ɗaukar wa kowa ba. Wannan ya zo, ba sallama, ba a ce masu gida ku fita ba, sai muka ji gida na tafiya. A gangare na ga zai mutu. Ɗan mutane ne, da uwarsa. Na sauke nawa ɗan daga bayana, na kama ƙafafun motar da hannu biyu. Da muka sauka na waiwaya, babu shi."

Zayyad ya zame ya zauna a ƙasa. Tun dawowarsa ba a taɓa ganinsa zaune haka ba.

"Ɗa a bakin ɗa," in ji muryar. "Ku bar mini yarinyar nan."

"Wannan kam ba za ki samu ba," Malam ya ce, bai ɗaga murya ba. "Kin yi alheri, Allah ya gani. Kada ki ɓata shi da zalunci. Nafisa ba ta ja mota ba, kuma ko kin riƙe ta, naki yana can yana jiranki a bakin hanya. Nemi abin da za a iya."

Wani dutse ya gangaro daga kwano ya faɗi a gefen tabarma.

"Ban san hanya ba. Garinku duk ƙarfe ne da hayaƙi. Ku mai da gidan kan gangaren, ku bar shi can. Yaro ba ya gane wuri sai da ƙofar gidansu."

Malam ya juya ga Hajiya Kyauta, don ya san ba shi ke da wannan amsar ba. Ita ba ta da kabarin da za ta ziyarta, sai wannan tsatsar. Ta matso kusa da mayafin, ta durƙusa.

"'Yar'uwa, in tambaye ki. Mai motar, kin gan shi?"

"Ban gan shi ba, Hajiya. A buɗe muka sami ƙofar, ciyawa ta riga ta fito."

Hajiya ta sunkuyar da kai. Leɓunanta na motsi, ba a jin abin da take faɗa. Can ta share fuska da bakin mayafinta ta ce, "Malam, a kai mata."

Malam ya karɓi alkawari, ya sa mai muryar ta rantse ba za ta dawo ba, ya ce ta fita ta yatsan ƙafa. Babban yatsan Nafisa ya yi rawa, ta yi atishawa, ta buɗe ido ta nemi ruwa da Sango, cikin ƙaramar muryarta.

Da safe Lado ya kawo kamiyon babu kaya. Maƙwabta suka taru aka jingina katakai, aka tura motar sama, aka ɗaure ta ta kowane gefe. Zayyad ya hau baya ya zauna kusa da ita, ya ce wa Lado a tafi a hankali. Har an tada inji Hajiya ta ce a dakata. Ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon majanyi na saƙi, wanda ta goya 'ya'yanta duka da shi, ta miƙa wa ɗanta.

"Sa mata a kujerar baya," ta ce. "In ta same shi, ta ɗaure shi da kyau."

Ba ta raka su ko bakin titi ba. Ta koma ciki, ta ɗauki tsintsiya, ta tsaya a kan wurin da motar ta bari, ta daɗe ba ta fara shara ba.