Ramin Tsohuwar Waya

Ranar da Injiniya ya gama sauya wayoyin gidansa, ya sauko daga tsani gab da magariba, ya wanke hannu, ya tsaya a tsakiyar falo yana kallon bango kamar uban da ɗansa ya zo na ɗaya. Ba injiniya ba ne a takarda. Lantarki yake koyarwa a kwalejin fasaha, shekara ashirin da huɗu ke nan. Maƙwabta ne suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa ganin dalilin gyara musu ba.

Tsohuwar wayar dish ce ta daɗe tana ci masa rai. Baƙa ce, ta sauko daga rufi, ta shigo ta wani rami a bangon falo, tana reto kamar igiyar shanya. Ya zare ta. Ya bi da sabuwa fara ta cikin silin, ya toshe ramin da siminti, ya goge, washegari ya shafe bangon gaba ɗaya da fenti. Ko shi da ya yi aikin ba zai ce ga inda aka taɓa ba.

Da ya kunna talabijin, rabin tashoshin babu su. Labarai dai suna nan, su ba sa ɓacewa.

"Baban Auta, ina tashata?" in ji matarsa daga bakin ƙofar kicin.

"Tana nan. Sai an sake bincike."

"Da tsohuwar wayar ba a bincike."

Auta, 'yarsu mai shekara goma sha shida, ita kaɗai ta rage musu a gida, tana kwance kan kafet da littafi. Ta ce, "Baba, a kira mai dish ɗin bakin titi mana."

"Ɗalibina ne. Sau biyu na kayar da shi."

Suna cikin dariya wani abu ya bugi dish ɗin a kan rufi, ƙarfen ya yi ƙara mai tsawo. Sai na biyu, sai na uku, a natse, kamar mai jifan ba ya sauri. Injiniya ya fita da tocila. Babu kowa a layin, babu kowa a bayan katanga. A tsakar gida ya tsinci abin da aka jefo, guntayen busasshen siminti. Ya ce kwanon rufi ne yake saki bayan zafin rana, ya yi musu bayani mai kyau a kan yadda ƙarfe yake buɗewa ya tsuke. Bayanin bai ce komai game da simintin ba, matarsa kuma ta yi masa kara ba ta tambaya ba.

Kwana biyu yana bin tashoshin. Ya sake bincike sau tara. Ya zare dikoda daga wuta ya mayar, ya sauya kawunan waya, ya auna da mita. Kullum rana ta faɗi jifan zai fara, ba ya tsayawa sai duhu ya gama rufewa. A yammaci na uku ya hau rufi yana juya dish ɗin kaɗan-kaɗan, Auta tana bakin taga tana karanto masa ƙarfin sigina.

"Arba'in da biyu. Arba'in da biyar. Ya koma sifili, Baba."

"Yanzu fa?"

Ya sake kira da ƙarfi.

"Auta. Yanzu fa?"

Ya sauko ya same ta tsaye, goshinta jingine da sabon fentin, rimot a ƙasa. Ya juyo da ita. Idanunta a buɗe suke, ba shi suke kallo ba. Haƙoranta sun datse, har ana ganin jijiyar muƙamuƙinta.

A asibiti an ɗebi jini, an ɗauki hoton kai, an haska ido. Likita ya ce duk sakamakon yana da kyau, ya faɗa da muryar wanda ya fi son a ce ba shi da kyau, don ya san abin da zai rubuta. Aka sa mata ƙarin ruwa. Sau huɗu allurar tana fita daga jijiya ba tare da yarinyar ta motsa hannu ba. Suka dawo gida da takardar ganin wani likitan bayan mako biyu.

Mako biyu. Kwana huɗu ke nan ko ɗigon ruwa bai wuce leɓenta ba. Leɓen ya tsage, idanun sun faɗa, in uwar ta ɗaga hannunta ta saki sai ya faɗi kamar tsumma. Da magariba kaɗai take magana, kalma ɗaya, ta tsakanin haƙora, da muryar wata babbar mace da ba su sani ba.

"Buɗe."

Injiniya ya buɗe ƙofofi. Ya buɗe tagogi, da kabad, da firiji. Ya ɗauko sukundireba ya buɗe murfin dikoda, ya tsaya yana kallon cikinta. A nan matarsa ta same shi. Ba ta yi masa gori ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ce, "Na aika a kira Alaramma." Shekara ashirin da huɗu yana gaya wa ɗalibai cewa duk abin da mita ba ta gani ba babu shi. Ya ce, "To."

Alaramma ya iso washegari da la'asar sakaliya. Tsoho ne siriri mai tabarau, bai zo da komai ba sai carbi da kwalbar maganin hawan jininsa. Ya nemi kujera mai majingina saboda bayansa. Ya daɗe yana duban yarinyar da aka kwantar kan katifa a falo, sannan ya juyo ga uban.

"Kafin abin ya lalace, me ka taɓa na ƙarshe?"

Injiniya ya ji kamar an mare shi da littafinsa. Tambayar da yake rubutawa a allo ke nan ranar farko ta kowane zango. Ya lissafa: waya, kawuna, soket biyu, fenti.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Alaramma ya fara karatu. Ba ya ɗaga murya, ba ya sauri. Hasken taga ya yi ja, inuwar kujeru ta miƙe har bango. Jifan ya fara a kan rufi, ya yi yawa, sannan ya tsaya cak. A cikin shirun nan Auta ta tashi zaune, ita da ta kwana biyu ba ta iya ɗaga kai.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni a banza," in ji muryar nan ta bakin Auta.

"Wace ce ke?"

"Na riga su zama a gidan nan. Ban taɓa fasa musu ko kofi ba."

"To me yarinya ta yi miki?"

"Ita ba ta yi komai ba. Nawa ɗan ma bai yi komai ba." Kan Auta ya juyo a hankali ya tsaya kan ubanta. "A ramin wayar nake kwantar da shi. Na fita, na dawo, na tarar an shafe. Kwana takwas. Abin da ɗana ya sha, shi 'yarka za ta sha."

Maman Auta ta toshe bakinta da mayafi. Injiniya ya buɗe baki, abin da ya fito kuwa har ya mutu ba zai daina jin kunyarsa ba.

"Tashoshin ma ke ce?"

"Wace tasha? Ina ruwana da akwatinku. Aikinka ne bai yi ba."

Alaramma ya gyara tabarau. "Ki fita daga jikinta, ya buɗe."

"Ya buɗe, in fita. Na ga aikin mutumin nan, ba ya barin ƙofa."

"Zalunci kike yi, kin sani. Wanda ya toshe bai san da kowa a ciki ba. In na ci gaba da karatu ba za ki kai ga ɗan naki ba."

"Ita ma ba za ta kai safiya ba."

Ana jin numfashin yarinyar, gajere, kamar ana jan zare ta cikin ƙaramin rami.

"Ga abin da za a yi," in ji Alaramma. "Ki saki bakinta ta sha ruwa yanzu, mu san da gaske kike. Ya buɗe. Ki ɗauki ɗanki ki bar gidan nan, ba dawowa, ki rantse da Wanda ya halicce ni da ke."

"Cokali ɗaya."

"Uku."

"Biyu. Kuma kafin jan nan na sama ya ɓace. Bayan haka ba ni da abin jira." Ta rantse.

Uwar ta kawo ruwa. Haƙoran suka saki kaɗan, cokali biyu suka wuce, suka sake datsewa har ƙarfen ya yi ƙara.

Injiniya ya ɗauko guduma da guntun rodi mai tsini, ya tsaya gaban bangon. Fari ne fat daga kusurwa zuwa kusurwa, sumul, babu tabo. Ya shafa da tafin hannu. Ya ƙwanƙwasa.

"A ina ne?" ya tambayi abin da ke cikin 'yarsa.

"Da na sani zan tsaya roƙonka? Ka shafe ko'ina."

Ya hau kujera ya fasa inda yake zato. Bulo ne zalla. Ya matsa taƙi ɗaya ya sake, bulo. Ya fita da gudu ya duba ta waje, can ma ya yi fenti, har ramukan ƙusoshin da suka riƙe tsohuwar wayar ya cike su ɗaya bayan ɗaya. Ya dawo. Rami na uku, na huɗu. Guduma ta kuskure ta sauka kan babban yatsansa, bai tsaya duba shi ba. Ƙura ta cika falon. Ta taga, jan sama ya koma siririn layi a kan rufin maƙwabta.

"Baban Auta, sauka."

"Bari in..."

"Sauka ka kama mini kabad ɗin nan."

Kabad ɗin littattafansa ne, da ya matsar ranar fenti ya ga ya fi kyau a sabon wurin. Suka ja shi, ita tana duban kafet, har ƙafafunsa suka zauna cikin tsohon shatinsu. Ta nuna masa saman katakon, inda ya kumbura ya yi baƙi.

"Duk ruwan sama ta wayar nan yake biyowa ya ɗiga nan. Shekara nawa ina gaya maka. Bi sama, sak."

Ya hau kan kabad ɗin da gwiwoyinsa. Ya ɗora rodin daidai saman tabon, ya buga. A bugu na uku ƙarar ta sauya. A na biyar simintin ya faɗa ciki, iskar waje mai sanyi ta taɓa masa fuska.

Babu abin da ya fito, aƙalla babu abin da mai mita zai iya rubutawa. Rami ne kawai, faɗin babban yatsa, da ɗan sauran hasken yamma a ƙarshensa. A bayansa muryar nan ta yi wani sauti ƙasa-ƙasa, irin wanda kowace uwa take yi in ta ɗauki jariri. Sannan Auta ta yi atishawa sau uku ta zube kan katifa.

Alaramma ya ci gaba da karatu har ya kai inda yake son kaiwa, ya tofa, ya ce a kunna fitila.

"Mama," in ji Auta, da muryarta, a dashe. "Ruwa."

Injiniya ne ya riƙe kofin. Jinin yatsansa yana bin gefen kofin. Alaramma ya ce kaɗan-kaɗan. Ya zuba ido a maƙogwaronta yana kallon kowace haɗiya tana wucewa.

Da ta sha rabi ta ɗaga ido, ta bi bangon da kallo, ramuka biyar da tarin ƙura a kan kafet.

"Baba, duk a kan tashoshin ne?"

"E," in ji shi. "Ƙara sha."