Fuskar da Ta Ƙi Bushewa

Ƙararrawar yamma ta gama bugawa lokacin da Lapa ta ƙulle burodi da cuku a tsumma, ta kama hanyar coci. Kwana uku ke nan mijinta Bindo bai dawo cin abincin rana ba.

A bakin tanda ta iske Tessa, matar mai gashin burodi, tana kwashe toka.

"Ke Lapa, ki gaya wa mijinki ya rage mini haɓa. Ya zana ni a matsayin Haƙuri, amma ya ba ni wuyan saniya."

"Ki dai gode ya ba ki Haƙuri. Da mijinki aka tambaya, da kina can ɗaya bangon."

Tessa ta yi dariya, sannan ta rage murya. "Har yanzu bai gama waccan ba?"

"Saura fuska."

Wata takwas Bindo yana wannan aiki. A bangon dama ya jera kyawawan halaye bakwai, kowace a siffar mace, ya ari fuskokin matan ƙauye ya ba su. A bangon hagu miyagun halaye bakwai, kowace tana kallon abokiyar gabarta. Su kam ba a ba su fuskar mai rai. Haka ya koya wajen maigidansa: daga ka ake ƙirƙiro su. Ya gama Hassada da Rowa da Fushi da sauran. Ɗaya ta rage, Yanke Ƙauna, mace mai igiya a wuya, tana fuskantar Bege.

Lapa ta san aikin kamar ita ke yi. Da safe ake yaɓa farar ƙasa daidai wurin da za a zana a ranar, a zana tun tana ɗanya. In ta bushe, launi ya zama bango ke nan, sai dai guduma. Rabin yini ya ishe ta bushewa. Wannan kuwa ta kwana uku a jiƙe, kuma duk fuskar da ya zana sai ta narke ta zirara ƙasa.

Ga shi tun da zazzaɓi ya ɗauke 'yarsu Nuta a farkon bazara, Bindo ba ya magana sai an tambaye shi.

Ta tura ƙofar cocin. Warin ɗanyar farar ƙasa ya tare ta, har yana yaji a maƙogwaro. Sauran hasken rana ya faɗo ta tagar yamma, ya kwanta a bangon dama. Na hagu ya riga ya shiga duhu.

"Maigida?"

Ba abin da ta ji sai ɗigar ruwa a wani wuri.

Ta hango shi a saman katakan da yake hawa, tsaye, hannuwansa a sake. Tukwanen launi a rufe suke. Buroshinsa na ƙasa, ya bushe ƙayau.

Ta ajiye ƙullin abincin, ta hau tsani. Katako ya yi ƙara a ƙarƙashinta.

"Na kawo burodi. Sauko ka ci, gobe ka sake yaɓe."

"Ba sai na sake ba," in ji shi a hankali. "Ta samu."

Lapa ta dubi bangon.

Akwai fuska a wurin. Goshi, karan hanci mai ɗan karkata, tabon da tsani ya yi masa a gira shekara goma da suka wuce. Fuskar Bindo ce a kan jikin macen, idanu a rufe.

"Me ka yi?"

"Ban taɓa buroshi ba, Lapa. Tun hantsi nake tsaye. Ita ke fitowa."

Sai a lokacin ta lura da igiyar da ake jawo bokiti da ita. Ta zagaye wuyansa sau ɗaya, ɗaya bakin na ɗaure a sandar rufi.

"Cire wannan."

"Ba ni na sa ba."

Ta kai hannu. Igiyar sanyi ƙalau, a jiƙe, ta kuma ƙi motsi. Ta ja shi ta riga, kamar ta ja ginshiƙi. Ta juya ta dubi bangon dama. Adalci da takobinta, Bangaskiya da gicciyenta, Bege ta ɗaga hannu sama. Fuskokin maƙwabtanta ne, duk suna kallo. Ba wadda ta motsa.

Ɗigar ruwan ta tsaya.

Wani ƙaramin sauti ya maye gurbinta, kamar ana taka busasshen ganye. Gefen yaɓen ya fara yin fari.

Yana bushewa.

Farin ya ci kunne. Ya ci gashi. Yana matsowa tsakiya.

Bindo ya ɗaga ƙafa ɗaya zuwa bakin katako.

"'Yarmu tana can ita kaɗai, Lapa," ya raɗa. "Tsoron duhu take yi."

Babu guduma kusa. Babu wuƙa. Lapa ta buɗe tafin hannunta na dama, ta danna shi a tsakiyar fuskar.

Farar ƙasar ta ƙone ta kamar garwashi. Ta murza. Hanci ya rushe, gira ta caɓe.

Sai wani abu ya motsa a cikin bangon.

Leɓe. Sanyi. Yana tsotsar tafinta.

Ta ja, bai saki ba. Ta ji wani abu yana fita daga ƙirjinta, yana bin hannun, a hankali, kamar ana zare zare daga tsohuwar riga.

Ta tokare bangon da ƙafa, ta fizge.

Fatar tafinta ta zauna a can.

Igiyar ta sulale daga wuyan Bindo, ta faɗi. Ya dube ta kamar wanda aka tasa daga barci. Shi ya sauko da ita daga tsani, ya ɗauke ta a kafaɗa har gida.

Washegari Fada Anselmo, limamin cocin, ya tarar da yaɓen ya bushe kamar dutse. Inda fuska ya kamata ta kasance, shatin hannu ne mai yatsu biyar. Ya yayyafa ruwan tsarki, ya ce wa Lapa, "'Yata, Ubangiji ya tsaya miki." Ta ce amin. Aka aiko magina biyu su fasa wurin, gudumarsu ta kasa ko da tsaga shi. Sai aka rataya baƙin ƙyalle a kai.

Bindo ya warware. Ya koma cin abinci, har yakan ambaci sunan Nuta ya yi kuka irin na mutane. Hannun Lapa ma ya warke, sai dai ba ya damƙuwa.

Abin da ya fita daga ƙirjinta ne bai dawo ba. Tana dafa abinci, tana zuwa sujada, tana amsa gaisuwa. Amma ba a sake jin ta ce gobe za ta yi kaza ba. Tessa ta yi ta tsokanarta har ta gaji ta daina.

Bayan girbin inabi, Bindo ya shiga cocin shi kaɗai, ya ɗaga ƙyallen. Tsakanin yatsa na biyu da na uku, ido ɗaya ya fito, a buɗe. Shekara ashirin yana kallon wannan idon a gidansa, a fuskar Lapa.

Ya saki ƙyallen, bai gaya wa kowa ba. Tun daga ranar, a bakin ƙofar ɗakinsu yake shimfiɗa, a gicciye, yadda ba mai fita sai ya tsallake shi.