Mai Gyaran Waya na Bayan Mahauta

Ku matso, ku rage murya. Ke Lantana, ajiye wayar nan, ai maganarta za a yi.

Shekara talatin ina karɓar haihuwa a ƙauyen nan. Sai asibiti suka ba ni waya, wai duk jaririn da ya faɗo in sa sunansa ciki don a san ranar allurarsa. Ashe ba ta riƙe komai sai da sabis, ma'ajiyarta tana can wani gari. Mu kuwa sabis sai an hau dutse. In sa da safe, da yamma wayam. Jarirai huɗu allura ta wuce su. Aka fara cewa ungozoma ta tsufa. Ni!

Ranar kasuwa na tafi neman wanda zai sa mini ma'ajiyar da za ta zauna a cikin wayar kanta. Masu gyara uku suka ce ba su iya ba. Rana tsaka, na yanke ta bayan mahauta, ni kaɗai.

Sai ga rumfa inda ban san da rumfa ba. Wari kamar an farke tumbi. Ƙudaje baƙi ƙirin, amma ba ka jin kukansu.

"Inna, kawo," in ji mai rumfar, tun ban buɗe baki ba. Murya kamar daga cikin tulu. "Ba sabis, ba wani gari. Duk sunan da kika sa, yana nan kusa."

"Nawa?"

"Kyauta."

"Kyauta? Ɗan nan, ni gishiri ma in an ba ni kyauta sai na lasa."

Ya karɓi wayar. Ya zaro harshe dogo, ya zura a ramin caji. Yawu na dalala. Tir! Na kau da kai, idona ya faɗa ƙarƙashin tebur. Ƙafarsa ba yatsu. Kofato ne, tsutsa na motsi a tsagarsa.

"Sa na ɗan Ladiyo," ya ce. "Wanda aka yi wa huɗuba jiya. Ai kin ji sunan."

Yaron da ko kwana biyu bai yi ba.

Na ce, "Ba na ɗaukar abin da ban gwada ba."

Rubutu da ƙyar nake haɗawa. Suna ɗaya yatsana ya sani ko a barci: Tanimu, maigidana, shekararsa bakwai a kabari. Shi na danna.

Maƙogwaron mutumin ya yi ƙut. Ya haɗiye. A nan na gane ina ma'ajiyar take: cikin tumbinsa.

Fuskarsa ta kumbura. "Wannan ai ruɓaɓɓe ne!"

Ya kwaro amai, baƙin ruwa da jar ƙasar kabari, har kan takalmana. Na fizge wayar, na bar masa takalman, ina a'uzubillahi har bakin titi.

Daga baya malamar asibiti ta sa mini ma'ajiya ta gaskiya, wadda ke riƙe suna a ciki sai ranar da aka samu sabis ta aika. Ɗan Ladiyo ya samu allurarsa, ga shi can yana bin awaki.

Amma sunan Tanimu yana nan a sama. Malamar ta goge sau uku, yana dawowa. Yana raye bai taɓa tsare mini ko kaza ba, Allah ya jiƙansa, yanzu shi ke gadin jarirai.

Lantana, sansana ramin cajin nan. Kin ji ko? To, kada in ji ɗayanku ya bi bayan mahauta shi kaɗai da rana tsaka.